Su Adda sun biyo ta ƙasa

Ku matso, ku matso, 'yan uwa, wannan zancen ba na ɗaga murya ba ne. Ke mai shayi, rage wutar nan kada ya ƙone mu rasa na biyu. Kun dai san Addarmu ta dawo, ai duk unguwar Hausare ta ɗauka, har yaran da ba a haifa ba lokacin da ta tafi sun zo karɓar alewa. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda suka dawo, ita da Alhajinta, kuma da ta ba ni labarin cewa ta yi kada ya wuce mu. To ai mu ɗin mu ne, ko kuwa? Babu bare a cikinmu, kuma na san in kun ji ƙara son su za ku yi, wallahi.

Shekara 22 fa suka yi a Libreville. Wasunmu muna nan aka tafi da ita, lallen amarci bai gama barin ƙafarta ba, muna kuka tana kuka, Goggo na cewa ku yi mana shiru, Gabon ai ba lahira ba ce. Alhaji ya kama shagon atamfa da shadda a gefen Mont-Bouët, babbar kasuwar garin, inda in ka shiga za ka ji Hausa da Fulatanci da yaren mutanen Mali da na Sanagal suna ta karo da juna. Sukan leƙo mu jefi-jefi, in an yi rasuwa ko biki, a ba su ɗakin baƙi a gidan da aka yanke musu cibiya, su yi 'yan kwanaki su koma. Mu kuma muna nan muna yi musu lissafin daɗi, muna cewa su Adda ai sun huta, suna can bakin teku suna shan iska. Allah sarki, mu da hange.

Ashe zaman ba haka yake ba. Ruwan da ake zubawa a Libreville a shekara ya kusa ninka namu na Garwa sau uku, wanki sai ya kwana ya wuni a igiya yana ɗiga, kayan cikin akwati su yi fumfuna, ga kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa sai an jira matafiyi ya kawo, ana lallaɓa su kada su ƙare. Wannan duk mai sauƙi ne. Alhaji da ya idar da asuba ya fita, ba za ta sake ganinsa ba sai bayan isha, ya ci tuwo, ya kara rediyo a kunne, barci ya kwashe shi. Haka yau, haka gobe, har furfura ta fito masa ba ta san ranar da ta fara ba. Ta ce da ni, ƙanwata, 'ya'ya huɗu na haifa wa mutumin nan, amma da za a tsare ni a ce me yake tunani in ya yi shiru, wallahi ban sani ba. Na ce Adda, mu da muke nan gida ma, wace ce za ta ɗaga hannu ta ce ita ta san nata? Ku ma kun yi shiru, ai na gan ku.

Tunanin dawowar kuwa, kun san daga ina ya taso? Daga ƙwallo! A Janairun 2022, da aka yi gasar kofin Afirka a Kamaru aka ajiye rukunin Najeriya a garin nan, kun tuna yadda muka cika da mutanen Yola da Mubi da Kano, ba masaka tsinke, har wasunmu suka sayar da fura ta shekara a sati biyu. To ranar 11 ga wata, da Najeriya ta yi wa Masar ci ɗaya mai ban haushi a filin Rumde Ajiya, Alhaji na tsaye a shagon maƙwabcinsa ana kallo a talabijin. Kowa na ihun ƙwallon Iheanacho, shi kuwa bawan Allah idonsa na kan 'yan kallo, yana bin huluna ɗaya bayan ɗaya ko zai ga fuskar da ya sani. Ya koma gida ya ture kwanon tuwo. Da ta matsa masa da tambaya, sai ya ce, "Hajiya, mun tsufa a garin mutane." Ta ce abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ko kalma ba, amma a daren nan ita ta san an gama.

An ɗauki lokaci kafin a tattara, kun san barin gari ba ɗaukar jaka ba ne. Sai da aka bi basussuka, aka sayar da shago, aka turo yara gaba, manyan kaya kuma aka ɗora wa kamiyo. Ita duk zatonta jirgi za su hau, a sauka Yawunde ko Duwala a canja, kafin la'asar ga su a Garwa. Sai ga Alhaji ya kai tsohuwar Toyotarsa gareji, an sa sababbin tayu, an duba birki, an ɗaura jarka a baya. Ya ce, "Ta ƙasa muka zo, ta ƙasa za mu koma." Kusan kilomita 2,000 fa! Adda ta ce a ranta, lallai mutumin nan, har yau tsimin kuɗi bai sake shi ba. Sai daga baya, can a hanya, ya gaya mata gaskiyar. Ya ce jirgi zai sauke gangar jikinsa a Garwa alhali zuciyarsa tana ƙofar shago tana ƙirga yadi, shi kuwa so yake su iso tare. Kun ji fa, Alhajin da muke cewa ba ya magana!

Ƙarshen Disamba suka taso, da duku-duku, lokacin da ruwa ke ɗan tsagaitawa a can. Ita a kujerar gaba, da fulas ɗin shayi tsakanin ƙafafunta da ledar dabino a cinya. To nan fa ake yin ta. Suka wuce Ntoum, suka haye gadar Kango, ba wanda ya ce uffan, sun zauna shiru kamar surukai. Ta ce ta lalubi zance a kanta ta rasa, don duk maganar da ta saba yi masa ita ce gas ya ƙare, ƙaramin ba shi da lafiya, an ce a kai kuɗin makaranta. Yanzu ba gas, ba yara, ba makaranta. Ta ce, ƙanwata, wai me ake ce wa miji in ba zancen cefane ba? Ni dai na rasa amsa, sai dariya, har da hawaye, ita ma ta taya ni.

Abin da ya fasa shirun wani allo ne a bakin hanya, gaba da Kango, inda layin nan na ikwaita ya ratsa, wanda aka ce ya raba duniya gida biyu. Alhaji ya tsaya, ya ce ta fito, ya tsayar da ita ƙafa ɗaya nan ƙafa ɗaya can, yana yi mata bayani yana nuni da hannu, har da cewa za su sake tsallake shi a gaba idan hanya ta juya arewa. Ta ce ita ba bayanin take ji ba, fuskarsa take kallo, don rabon da ta ga haƙoransa da rana tsaka ta manta. Daga nan hanya ta shiga kurmi sosai, ta bi gefen kogin Ogooué wajen Ndjolé, tana lanƙwasa tana miƙewa, itatuwa sun rufe sama. Can sai ga wata ƙatuwar mota ɗauke da gungumen katako ta ɓullo daga kwana, ta cinye hanya, Adda ba ta san lokacin da ta cafke hannun rigar Alhaji ba. Motar ta wuce, ƙura ta lafa, ita kuwa ba ta saki ba. Sai can ya ce a hankali, "Hajiya, zan sa giya." Ta saki da sauri, kunya ta rufe ta. Ya sa giyarsa, sannan, ba tare da ya dube ta ba, ya miƙo mata hannun rigar da kansa. Wayyo, ku bar ni in sha shayin nan tukuna!

A Oyem suka kwana, gidan wasu Hausawa. Kun san akwai namu a can da Bitam waɗanda kakanninsu suka je fatauci tun fiye da shekara ɗari, suka yi aure, suka yi masallatai, suka zama 'yan ƙasa. Tsohuwar gidan ba ta taɓa taka Kano ko Garwa ba, a can aka haife ta aka haifi uwarta, amma da ta ji inda suka dosa sai ta riƙe hannun Adda ta ƙi saki. Da safe ta rako su har bakin mota tana dogara sanda, ta ce, "'Yata, in kin isa ki gaishe min da gida." Adda ta ce ta so ta tambaye ta wane gidan, wa za ta gaisar, sai ta ga ba a tambayar irin wannan. Ta ce za su ji, Inna. To ga shi na isar muku, kun ji gaisuwar tsohuwar Oyem, ku amsa mata.

Gaba da Bitam, a Eboro, ga kogin Ntem, tsallakensa Kamaru. Lokacin da aka tafi da ita jirgin fito suka shiga, tana rintse ido tana salati, yanzu kuwa gada ce shimfiɗe. Aka duba takardu aka buga hatimi, kuɗi ma ba a canja ba tunda sefa ɗaya muke kashewa da su. Abin da ya tsaya mata shi ne katin zama. Shekara da shekaru tana adana shi a leda, leda a cikin jaka, ba ta zuwa ko kasuwa sai ta shafa ta ji yana nan, ana sabunta shi ana biya. Da suka hau gadar sai ta ciro shi tana juyawa, ta ga daga yau ba mai sake tambayarta. Ta ce ta ji sakayau, kuma ta ji wani iri, har ta rasa ko murna take ko kewa. Alhaji ya ce ta ajiye wa jikoki su ga hotonta tana yarinya. Yana nan a ƙasan akwati, na gani, gyalen nan nata mai ruwan goro, Allah sarki.

Ambam, Ebolowa, Mbalmayo, nan ba su daɗe ba, sai Yawunde, kuma kun san ba inda namu ke sauka sai Birketiri, unguwar da tun daga bakin titi ƙamshin tsire da ƙarar keken teloli za su gaya maka ka iso cikin dangi. Nan aka yi ta yi wa Alhaji faɗa. Kowa na cewa, haba Alhaji, ka bar motar nan a kawo maka, ku hau jirgin ƙasa mana, ku shiga da yamma ku wayi gari a Ngaundare, ai tun 1974 dogo ya isa can don irinku. Kilomita 622 kana kwance, wa zai ƙi? Ya yi ta murmushi yana godiya. Sai ya juyo ya ce, "Hajiya, ke me kika gani?" A gaban mutane fa! Ta ce ta sunkuyar da kai ta ce motar ma ba laifi. Matan gidan suka bi ta ɗaki suna tsokana, wai amarya ba ta son a raba ta da kujerar gaba. Ta ce ba ta musa ba.

Daga Yawunde hanya gabas take yi kafin ta hau arewa, ta Ayos da Abong-Mbang zuwa Bertuwa. Kowane shingen biyan kuɗin hanya a miƙa dala ɗari, mata su yanyame mota da ayaba da abarba da gyaɗa, Adda na ciniki ta taga Alhaji na cewa ki bar musu canjin. Zuwa lokacin baki ya buɗe. Sun yi hirar ranar da ya fara zuwa zance gidanmu ya zauna kan tabarmar da akuya ta yi wa fitsari, ya ƙi tashi don kunya. Sun yi hirar malamin allonsu, da tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin masallacin Lamiɗo, da wanda ya mutu da wanda ya rage. To kun san hira in ta yi daɗi sai ta gangara inda ba a aike ta ba.

Tsakanin Bertuwa da Garwa-Bulai, inda kurmi ya fara sakin hanya ciyawa ta fara bayyana, nan ta faɗi abin da ta haɗiye shekaru. Ku da kuka san rasuwar Innarmu kun tuna Adda ba ta iso ba sai bayan sadakar uku. An yi ta aika mata cewa jikin ya tsananta, ta roƙe shi ya sa ta a hanya, yana cewa gobe, jibi, har aka bugo aka ce an rufe. Ba ta taɓa yi masa maganar ba, ko sau ɗaya, ta ci gaba da dafa masa tuwo da abin a ƙirjinta. Ran nan dai ta ce, "Alhaji, ka hana ni ganin uwata." Ta ce muryarta ma ba ta gane ta ba. Ya gangara gefen hanya, ya kashe mota, ya ɗora goshinsa a kan sitiyari. Sannan ya gaya mata abin da shi ma ya ɓoye, cewa a watan nan kayansa sun nutse a bashi, ko kuɗin mota ba shi da shi, ya zaga wajen mutum nawa yana neman rance ana ba shi haƙuri, kuma kunya ta hana shi ya ce wa matarsa ba shi da shi. Kuɗin da ta zo da su daga baya, agogonsa da babbar rigarsa ta aure ya sayar. Ya ce, "Na zaɓi ki ɗauke ni mugu da ki ɗauke ni gajiyayye. Ki yafe min, Hajiya." Suka zauna nan suna kuka su biyu, manyan motoci na wucewa suna girgiza su. Ta ce da ta san haka ne da ɗan kunnenta ta cire ta ba shi, shi kuma ya ce abin da ya guda ke nan. Kayya, mazanmu, mazanmu. Miƙo min gefen gyalenki, ke.

Ta ce daga wurin nan motar ma sai ta ji ta yi sauƙi. Suka shiga Garwa-Bulai, garin bakin iyaka, inda kamiyoyin Duwala ke jeruwa suna jiran a raka su Bangi. Kusa da nan ne Gado, sansanin da aka buɗe a 2014 don mutanen Afirka ta Tsakiya da yaƙi ya koro, da yawansu Fulani ne da Hausawa irinmu. Adda ta tsaya sayen nono wajen wata mata, hira ta haɗa su da Fulatanci, matar ta tambaye ta ina zuwa da kaya haka. Ta ce gida, bayan shekara 22. Matar ta daɗe tana kallonta, sannan ta ƙara mata ludayi biyu a kan na kuɗinta, ta ce, "Ki sha, ke da kike da inda za ki koma." Adda ta ce nonon nan da ƙyar ya wuce mata. Allah Ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya, ku ce amin.

Daga Maiganga ƙasa ta fara zama tamu. Shanu jajaye a kan tudu, makiyaya da sanda a wuya, ga sanyin Adamawa na shigowa ta ƙasan ƙofa. Ngaundare kuwa, kun san ta a Disamba, tana can sama da mita 1,000, ruwan alwala ma sai an ɗumama. To a nan ne leɓen Adda ya tsage, hunturu ya yi mata maraba. Ku ga murna! Ta ce ta tsaya gaban madubi tana taɓa leɓen tana dariya ita kaɗai, don rabonta da kaushin hunturu tun tana budurwa. Ta wanke ɗankwali ta shanya, kafin ta gama shan kindirmo ya bushe ƙayau, ta ɗauka ta kai wa Alhaji wai ya taɓa ya ji. Babban ɗansu da ke karatu a jami'ar Dang ya zo ya same su, ya ce Baba ka gaji, kawo makulli in ƙarasa da ku. Alhaji ya zaro kuɗin bas ya damƙa masa, ya ce, "Ka same mu a gida." Yaron ya dubi uwarsa neman ceto, ita kuwa ta kau da kai tana gyara ɗaurin kilishi. Hahaha, ɗan nema, an kore shi da mutunci!

Amma daren Ngaundare ba su yi barci sosai ba. Tsoro ya zo, irin wanda ba ya zuwa sai gida ya matso. Alhaji ya ce, me za mu ce mun kawo? Wasu da suka tafi bayanmu sun yi benaye a unguwar Marware, mu ga tsohuwar mota da ɗan abin da ba a rasa ba. Ita kuma tana tunanin ko za ta iya zama da mu, ko mun canja, ko ita ce ta canja. Sai shi da kansa ya kawo zancen Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan, wanda ya riƙe ƙasar nan tun daga 'yancin kai a 1960 har 1982, ya rasu a Dakar a 1989 aka rufe shi a can, matarsa Germaine ta zauna kusa da kabarinsa fiye da shekara talatin tana fatan a kawo shi gida, har ita ma ta cika a 2021 aka kwantar da ita a ƙasar Sanagal. Ya ce, "Hajiya, wanda ya mulki ƙasa bai samu abin da za mu samu gobe ba. Da ƙafafunmu za mu shiga, mu biyu." Ta ce sai ta ji ƙirjinta ya sauka, ta tashi ta zuba masa sauran shayin.

Kashegari sai Falez. Duk wadda ta taɓa bin hanyar nan ta san gangaren, yadda mota ke saukowa daga kan dutse tana kewaya, direba na taka birki fasinja na salati, kunne ya toshe ya buɗe. Adda ta taso da rigar sanyi da safa da mayafi biyu. Kwana ta farko ta cire mayafi ɗaya, can ƙasa kaɗan ta tuɓe rigar sanyi, kafin su kai Mbe har safar ta tafi, tana fifita da murfin kwano. Zafin nan namu da muke tsine wa kullum, ita hannu ta miƙa ta taga tana tarbarsa. A Mbe suka cika bayan mota da doya, don ba a wuce Mbe hannu sake, in ka yi haka ma gida ba za a yafe maka ba. Suka bi gefen gandun dajin Binuwai, gwaggon birai zaune a bakin kwalta suna kallon motoci, ɗaya har da ɗanta a baya, Alhaji na cewa ga 'yan tarba sun fito.

Sai kuka. Itacen kuka na farko da ta hango, tsaye shi kaɗai a fili ba ganye ko ɗaya, ta ce Alhaji tsaya. Ta fita ba takalmi, ta taka ƙasa mai zafi, ta je ta dafa jikinsa da tafin hannu biyu. Shekara nawa tana auna garinsa da ƙaramin cokali, ga shi yau a tsaye ya fi ƙarfin hannuwanta. Alhaji bai ce ta yi sauri ba, ya jingina da mota yana jira, da ta dawo ya kakkaɓe mata ƙaya daga gefen zane. Daga nan kuma sai auduga, lokacin ciro ne, kowane ƙauye an tara ta fari fat ana jiran motocin Sodecoton. Suka wuce mararrabar Poli a Guna, suka wuce Ngong, ya nuna mata hanyar Lagdo inda madatsar ruwan da ke ba mu wuta take tun 1982, kamar dai ba a nan aka haife ta ba. Ta ce ta bar shi ya yi ta nunawa, don daɗin muryarsa take ji.

La'asar sakaliya suka hango dutsen Tingilin kwance a bayan gari cikin hazo, sannan gada. Ruwan Binuwai ya ja baya, yashi ya fito, masu wanki sun baza kaya kala-kala, yara na wanka, masu kwale-kwale na jan koma. Alhaji ya rage gudu, ya ƙara ragewa, har masu babur suka taru a bayansa suna ta oda, wani ya leƙo ya ce Baba lafiya? Ya ce lafiya lau, ɗana, wuce abinka. Adda ta ce yana tuƙi hawaye na bin gemunsa, bakinsa na motsi, da ta kasa kunne sai ta ji sunayen iyayensa yake kira da na Innarmu, yana yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Ita ma ta kama. A haka suka shigo inuwar darbejiyar garin nan.

Sauran kun gani da idonku, ai kuna wurin. Guɗar da Goggo ta rangaɗa har sai da tari ya sarƙe ta, maƙwabta na ta jaɓɓama jaɓɓama, miyar yakuwa da giwan ruwa da muka kwana muna haɗawa, kunun gyaɗa kofi uku da Adda ta shanye a tsaye. Kun ga yadda ta rungume yarinyar da ta bari ana goyonta, yanzu ita ma da nata goyon. Kun kuma raka ta zagayen gaisuwar rasuwa, gida gida, wanda ya ɗauke ta kwanaki, tana shiga tana tambayar mutum a ce ai sai haƙuri. Ba wanda ya tambaye su me suka kawo, ko kun ji wani ya tambaya? Doyar Mbe ma sai da ta zaga unguwa. Zafin Maris dai yana nan tafe, na ce mata za mu ga ko za ta sake miƙa hannu ta taga, ta ce in Allah Ya kai mu a tsakar gida za ta kwana tare da mu, ta yi kewar ƙirga taurari ana hira.

To ga na ƙarshen, ku ƙara matsowa. Kun lura duk ranar Lahadi ba a samun su a gida? Da hantsi Alhaji zai goge motar nan tas, Adda ta cika fulas, ta ɗaura ɗankwali mai kyau, ta shige gaba, wai sun tafi cin kasuwar Pitowa. Pitowa fa, nan da nan, tafiyar da ko shayi ba ya hucewa. Ba sa dawowa sai an kira magariba. Makon jiya na tare ta a zaure na ce Adda, mu ga kayan kasuwa. Ta buɗe jaka, wallahi albasa ce ta dala ɗari, ita ke nan! Na ce wuni guda a kan wannan? Ta ja gyale ta rufe baki, ta ce, "Ke dai bari, ƙanwata, hanyar ce ba ta da kyau."